Takalmin Hagu na Kofur

Kofur ya rasu ranar Talata da hantsi yana da shekara tamanin da takwas. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya bakwai, da jikokin da shi kaɗai ke iya jero sunayensu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ƙafa ɗaya aka kai kabari da shi, ta dama. Ta hagun ta riga shi tafiya da shekara sittin da biyar, a wani yaƙi da bai taɓa yarda a yi hirarsa a gidansa ba. Idan jika ya matsa masa da tambaya, sai ya ce, "An yi, an gama, kowa ya koma gidansu. Je ka wanke hannu."

Da aka sallame shi daga soja ya koyi gyaran agogo, ya kafa tebur a barandar gidan waya, ya yi shekara arba'in a wurin da gilashi maƙale a ido ɗaya. Ma'aikatan gidan wayar da zuwansa suke saita agogonsu. A gida kuwa sojan bai taɓa fita daga jikinsa ba. Ƙarfe shida da rabi na safe yara za su jeru a tsakar gida, daga babba zuwa ƙarami, ya bi su yana dogara sanda, yana duba farce da bayan kunne da wuyan riga. Matarsa, wadda unguwa kaf ke kira Inna, sai ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Janar, a sallami rundunar nan haka, shayi na hucewa." Shi kuma ya ƙame ya sara mata.

Shekarar da Inna ta yi wata huɗu a asibiti bayan haihuwar Auta, shi ya yi girki, shi ya yi wanki, har kitso ya yi wa 'yan matan, kitson da aka daɗe ana dariyarsa a makaranta, don layi ɗaya ya nufi ƙeya, ɗaya ya nufi kunne. Kullum da yamma ya ɗauki kwanon abinci ya dogara har asibiti. Bai taɓa sa loma a baki ba sai ya tabbata kowa ya dawo gida, kuma a shekara sittin da ɗaya na aurensu bai taɓa kwana a waje ba.

Wannan shi ne Kofur ɗin da masu gaisuwa suka yi ta faɗa a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai babbar 'yarsa, wadda kowa ke ce wa Yaya, tana jin su tana gyaɗa kai, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Yaya tela ce, shagonta na manne da ƙofar gidan. Mace ce da ba ta san yarda ba. Ko ƙanwarta ce ta kawo yadi ta ce biyar ne, sai ta zaro magwaji ta auna a gabanta. Masu kawo ɗinki na jin haushin haka, amma ba su daina zuwa ba, don ba ta taɓa cin ƙyallen kowa ba. Kuma tun tana 'yar shekara goma sha biyu akwai abu ɗaya game da ubanta da ta auna ta sake aunawa bai cika ba.

Duk farkon damina Kofur kan sayi takalmi sabo, na fata, mai igiya, lamba arba'in da uku. Zai dawo da kwalin, ya zauna bakin gado, ya sa na dama ya ɗaure. Bayan kwana biyu na hagun ya ɓace. Ta taɓa tambayarsa, ya ce, "Na jefar. Me zan yi da shi?" Inna ma abin da yake gaya mata ke nan, ita kuma ta ɗauka a haka.

Yaya ba ta ɗauka ba. Kofur ne zai jefar da sabon takalmi? Mutumin da ke miƙe lanƙwasasshiyar ƙusa ya ajiye a gwangwani, mutumin da ya yi shekara ashirin yana adana murfin tukunyar da ta daɗe da fashewa? Ta je ta tona juji da kara, ba ta ga komai ba. Shekara ta zagayo ta sake tonawa. A ta uku ta bi shi a baya har gidan waya, ta laɓe bayan ginshiƙi, ta gan shi a gaban kantar aika saƙo yana miƙa wani ƙunshi ɗaure da zare, yana waige-waige kamar mai gudun a gan shi. Ko bayan da ido ya yi masa rauni ya naɗe teburin, sau ɗaya a shekara yakan sa Auta, wanda ya zama direba, ya kai shi gidan waya. "Agogon wani zan aika," zai ce, ya bar shi a mota.

Da ta girma ta yi wa abin fassarar da matan duniya za su yi masa. Ba wanda ke bukatar takalmi warin ƙafa, saboda haka wani abu ake cusawa a ciki, kuma wanda ke aika saƙo a ɓoye shekara da shekaru yana da wani gida a wani gari. Ba ta faɗa wa kowa ba. Tana son ubanta, tana kuma jin haushinsa, ta haɗiye duka biyun. Abin da ta sa a gaba ɗaya ne, kada Inna ta ji. Tsohuwar ta gina rayuwarta kaf a kan cewa mijinta bai taɓa ɓoye mata ko tsinke ba, kuma Yaya ta yi rantsuwa a ranta cewa da wannan za ta koma ga Allah.

Kwana biyu da rasuwar sai ga baƙo. Mutum ne ɗan kimanin shekara hamsin, dogo, da ƙurar tafiya a wando da wata jaka ta baƙar fata da ya rungume a cinya. Ya yi gaisuwa a taƙaice, ya koma can ƙarshen rumfa ya zauna. An kawo shayi ya ce alhamdulillahi. An tambaye shi daga ina, ya ce daga nesa. Idonsa na kan hoton Kofur da aka jingine a kan kujera, ya yi ta kallonsa har la'asar, sannan ya tashi ya tafi. Washegari ya dawo, kujerar jiya, jakar jiya.

Yaya tana leƙensa ta tagar shago. Ta duba goshin, ta ga kamar na Baba. Ta duba kunnuwan, su ma kamar haka. Ta kira Auta gefe.

"Wane ne wancan mai jakar?"

"Wa ya sani, Yaya? Baba ai mutumin jama'a ne."

"Dubi kunnensa da kyau."

Auta ya duba, ya dawo da kallonsa gare ta. "Kunne ne guda biyu, irin na kowa. Ke dai ko liman ne ya yi miki sallama sai kin nemi shaida."

"Ka rufe min baki. Kuma kada ka bari ya matso kusa da ɗakin Inna."

A rana ta uku da zuwansa haƙurinta ya ƙare. Da jama'a suka ragu bayan azahar, ta fito ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, ɗan zo mana." Ta shigar da shi shago, ta kawar da tarin yadi daga benci, ta ja ƙofa. Ita ba ta zauna ba, ta jingina da keken ɗinki ta harɗe hannu.

"Bawan Allah, kwana uku kana zaune mana a ƙofar gida, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka ce ga abin da ya kawo ka ba. In wani abu kake nema a gidan nan, ni za ka faɗa wa. Uwata tsohuwa ce, ba ta da lafiyar jin wata magana."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wallahi ban san ta inda zan fara ba ne."

Maganarsa Hausa ce sarai, amma akwai wata lanƙwasa a ƙarshen kalmominsa da ba ta nan ba ce. Yaya ta lura, ta ajiye a ranta.

"Fara da uwarka," ta ce. "Wace ce?"

Ya ɗago ya dube ta, bai gane ba. Sai ya zuge jakar ya zaro wani abu naɗe a tsumma ya warware. Takalmi ne na hagu, ruwan ƙasa, dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Yaya ta san shi. Ɗan'uwansa na nan a ƙarƙashin gadon Baba, na bara ne.

"Na babana ne," in ji baƙon. "Yana nan da ransa, shekararsa tamanin da tara. Shi ta dama ya rasa. A asibiti ɗaya aka yanke su, gadonsu na kusa da juna, suka yi wata uku tare. Ranar da za a sallame su aka raba wa kowa takalmi, cikakken ƙafa biyu, don mai rabon bai ma ɗaga kai ya dubi waɗanda yake miƙa wa ba. Suka dubi juna suka yi ta dariya har ma'aikaciyar jinya ta zo ta tsawatar. Da suka gwada, ashe lambarsu ɗaya. Tun daga nan, babanku ke saye ya aiko, namu kuma ya aika masa da takarda cewa ya iso."

"Kowa na iya tsintar takalmi ya shirya labari," Yaya ta ce.

Bai yi musu ba. Ya sake sa hannu a jaka ya fito da wani gwangwanin alewa, ya buɗe. Cike yake da 'yan guntayen takardu, wasu sun yi ja don tsufa. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki wata, ta zaro ta can ƙasa. Kalma biyu ce a kowace, da rubutun nan mai tsayi da ya sa hannu a takardun makarantarta: Ina nan.

"A cikin takalmin yake sakowa," baƙon ya ce. "Bana damina ta sauka, wata ɗaya, wata biyu, wata uku, shiru. Tsohon ya daina cin abinci sosai. Kullum yana zaune a ƙofar gida yana duban hanya. Shi ne na ɗauki adireshin da ke jikin ƙunshin na zo gidan waya, suka nuno min nan. Ban san an yi rasuwa ba sai da na ga rumfa."

Yaya ta ja kujerar keken ta zauna. Shekara arba'in da bakwai tana zargin mutumin nan da abin da bai yi ba. Kunya ta rufe ta, wani sanyi kuma ya sauka a ƙirjinta, har ta kusa yin murmushi. Amma ita ba a banza take tela ba, ta san inda ɗinki bai haɗu ba.

"To in haka ne, me zai sa ya ɓoye? Abin alheri ne. Me zai sa ya ce jefarwa yake yi?"

Baƙon ya sunkuyar da kai. "Babana ba sojanku ba ne, Hajiya. Na wancan ɓangaren ne. Kama shi aka yi da rauni."

Sanyin da ya sauka a ƙirjinta ya koma inda ya fito. Inna tana da wa guda ɗaya, wanda ya raine ta bayan mutuwar iyayensu. Ya tafi yaƙin nan bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Har yau ba a ambaton mutanen wancan ɓangaren a gabanta, in kuwa rediyo ya kawo maganarsu, tashi take ta kashe. Kofur ya san wannan tun kafin ya aure ta.

"Me kake so yanzu?" Yaya ta tambaya.

"In ya riga ya sayi na bana, ki taimaka ki ba ni na hagun. In kai masa in ce makara aka yi. Likita ya ce zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Ba zan iya tsayawa a gabansa in ce masa abokinsa ya tafi ba."

Ya sayi na banan. Yaya da idonta ta ga kwalin, a makon da ciwo ya kwantar da Baba, kafin a sa a akwatinsa na ƙarfe. Makullin akwatin kuwa yana ɗaure a bakin zanen Inna.

Ta bar baƙon a shago ta shiga cikin gida tana shirya ƙarya a hanya. Inna na zaune a kan darduma a ɗakin Kofur, ta jingina da gadonsa, carbi a hannu.

"Inna, ba ni makullin akwatin Baba. Takardunsa na soja nake so in duba."

Tsohuwar ba ta motsa ba. "Mai jakar nan ne ya aiko ki?"

"Wane mai jaka?"

"Ke, ni na haife ki. Tun shekaranjiya na jiyo gaisuwarsa ta taga. Ido ne ya tafi, kunne na nan. Na san harshen nan, ko a mafarki na ji shi na san shi. Me mutumin can yake nema a gidan mijina?"

Yaya ta yi ta kame-kame, ta ce tsohon abokin cinikin Baba ne, ta ce agogo ya bari. Inna ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Ba ki iya ba. Zauna ki faɗa min." Ta zauna ta faɗa, tun daga gadajen asibiti har gwangwanin alewa, tana yi tana duban fuskar uwarta.

Carbin ya tsaya a hannun Inna.

"Shekara sittin da ɗaya," ta ce. "Duk damina ya dubi tsabar idona ya ce ya jefar. Ni kuma in ce Allah sarki, bawan Allah, ganin takalmin ne ke tuna masa ƙafarsa, kada in dame shi." Ta ajiye carbin. "Da ma mace ce, da na san inda zan ajiye abin a raina. Yayana ko takalmi ɗaya nasa ba a dawo min da shi ba."

"Inna, tsoron ɓacin ranki ne ya sa."

"Kar ki kare shi. Kira min yaron."

Baƙon ya cire takalminsa a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa nesa da dardumar. Inna ta juyo da fuska inda take jin numfashinsa.

"Ubanka ya yi harbi a yaƙin nan?"

"Ya yi, Inna."

"A ina da ina?"

"Bai taɓa faɗa mana ba."

"Nawa ma bai faɗa ba." Ta gyara zama. "'Ya'ya nawa gare shi?"

"Mu shida ne."

"Ya riƙe ku da kyau?"

"Ba mu da abin cewa sai godiya."

Ta kwance makullin daga bakin zane ta miƙa wa Yaya. Akwatin ya buɗe da ƙara. Kwalin na sama, a kan kakin sojan da aka ninke. Inna ta karɓa ta ɗora a cinya, ta ɗaga murfin, ta shafa takalman baƙaƙe masu ƙamshin sabuwar fata. Ta zura yatsu cikin na hagun, ta zaro 'yar takarda.

"Me aka rubuta?"

Yaya ta karɓa. Rubutun ya karkace, hannun da ya yi shi ya riga ya fara rawa. "Ina nan," ta karanta.

Baƙon ya matso da gwiwa. "Inna, don Allah. Da wannan takardar da takalmin, shi ke nan, hankalinsa zai kwanta. Ba zai taɓa sani ba."

Yaya ta zuba wa uwarta ido. Duk iya karatun fuskar da take taƙama da shi, ta kasa gane ko fushi ne a fuskar nan ko tausayi. Inna ta miƙo hannu ta karɓe takardar, ta ninke ta biyu, ta sake ninkewa, ta ƙulle ta a bakin zanenta inda makullin yake ɗazu.

"Wannan ba inda za ta," ta ce. "Bai aika ba, a wurina ya bar ta."

Ta mayar da murfin kwalin, ta tura shi a kan darduma har ya taɓa gwiwar baƙon.

"An yi min ƙarya saboda ana tausayina, yau na ji yadda take. Ba za a ɗauki irinta daga gidan nan a kai wa wani tsoho ba, ko wane ne shi. Ɗauki duka biyun. Ka zauna kusa da shi, ka riƙe masa hannu, ka bar shi ya buɗe da kansa. In ya ga na dama a ciki, ba sai ka ce masa komai ba."